SAI MUN BIYA KAFIN MU ZAMA ƳAN ƘASA?

Ƴan'uwa na rassanmu na Maraɗi da Damagaram da Tawa da Yamai, da na ƙananan kasuwanni duka, ina roƙon wanda takardan nan ta faɗo hannunsa kada ya karanta ta shi kaɗai ya naɗe ya jefa aljihu. Ya tara mutanen reshensa ya karanta musu da ƙarfi, gama maganar da ke cikinta ta fi shafar wanda bai san baƙi ba.

Maganar katin ɗan ƙasa ce, wanga da muke kira kardantite. In ka tambayi ma'aikaci nawa ne kuɗinsa, sai ya faɗa maka adadi guda ya ɗaga kafaɗa. Shekaru da yawa abin da anka yanka wa katin nan na kwali jikka 2 ne, watau sefa 2000, ya yi shekara 5 ya mutu a sake wani. Sai ma'aikacin ya ce maka, mene ne jikka 2, ai ko kuɗin goron sati ba su kai ba. To, shi da ke zaune cikin birni, takardunsa na cikin akwati, komisariya na bayan gidansa, gaskiyarsa ya faɗi. Amma ni na ga abin da kati ke ci wa talaka da idona, shi ne zan ba ku labari, ku yi lissafin da kanku.

Akwai wani dattijo, uban wani yaro da nake koya wa karatu a lakkwal. Manomi ne, in rani ya yi kuma ya kan sayi awaki ƙauye ya kai kasuwa. Ran wata kasuwa ɓarawo ya yanke masa aljihu, ya tafi da ɗan abin da ke ciki har da katinsa. Ya zo wurina da dare ya ce, Mushe, kai ka san Faransanci, ka raka ni bariki. Na ce, Baba, ai abu mai sauƙi ne, gobe mu tafi mu dawo kafin azahar. Allah Ya yafe mini wannan alkawari.

Mun hau kabu-kabu har bakin titi, daga nan munka shiga mota zuwa babban gari. Da farko anka ce sai an yi takardar shaidar ɓata. Anka yi, ya biya. Sa'an nan anka ce ya kawo takardar haihuwa. Ya ce yana da ita da can, amma gara ta shiga adakarsa ta cinye ta tare da wata rigar saƙi ta ubansa. Anka ce to, ya koma inda anka rubuta shi a nemo masa wata. Munka koma gida hannu rabbana. Mako na biyu munka je can, mai riƙe da littafin ya tafi jana'iza. Mako na uku munka same shi, mutumin kirki ne, ya buɗe mana ɗakin da ake ajiye littattafai, sai ga su jibge ƙasa, ruwan damina ya jiƙa waɗansu, ɓera ya ci waɗansu, na shekarar da muke nema babu shi babu dalilinsa. Ya ce sai dai alƙali. Alƙali kuwa ba ya yarda da bakin mutum ɗaya, sai da shaidu 2. Shaidun nan tsofaffi ne na garinsu, kuɗin motarsu zuwa da dawowa na kansa, abincinsu na kansa, goronsu na kansa, gama ba ka ɗauko mutum daga gonarsa ka bar shi da yunwa bakin kotu. Bayan an sami hukuncin alƙali sai hoto, sai tambur, watau kan sarkin nan da ake liƙawa. Ran da munka je tambur ya ƙare wurin da ake sayar da shi, amma abin mamaki wani yaro da ke zaune gindin bedi bakin ƙofa yana da shi cikin jakarsa, da ɗan ƙari bisa. Daga ƙarshe anka karɓi takardu anka ce ya dawo, babba bai sa hannu ba tukuna.

Ran da katin ya shigo hannunsa, kasuwa 6 ta ci ba shi cikinta, kuma ya sayar da akuya mai ciki don ya cike kuɗin. Ya juya katin gaba da baya, ya dube ni ya ce, Mushe, yanzu wannan shi ne ni? Ban sami abin da zan ce masa ba. An haife shi garin nan, an haifi ubansa nan, kabarin kakansa na bayan gari, rijiyar da muke sha shi da tsaransa sunka gina ta. Amma sai da ya ba da akuya kafin ƙasarsa ta yarda ta san shi.

Kowa cikinku ya san mutum irin wannan, watakila ma shi ne ke karanta muku takardan nan. Jikka 2 da ake faɗi bakin ƙofa ne kawai. Cikin ɗaki akwai kuɗin mota, da kuɗin hoto, da kuɗin kwana gidan mutane, da yinin da ba a yi noma ba, da na ɗan kamasho mai cewa kawo in shigar maka ta baya, da abin nan da ba a kiran sunansa sai dai a ce na goro. Mai albashi ko mafi ƙanƙanta, tun Janairu 2024 doka ta ce kada a ba shi ƙasa da sefa 42,000 a wata. Manomi fa? Shi albashinsa sau ɗaya ne a shekara, in sama ta yarda. Kowace tafiya da zai yi bariki da tiyar hatsi ake auna ta, daga bakin yaransa ake ɗebo ta.

Wanda ya ce to ya zauna babu katin mana, bai taɓa hawa mota daga Birnin Ƙonni zuwa Yamai ba, ko daga Magarya zuwa Damagaram. Kowane shinge sai an ce a fito da kati. Marasa shi a sauke su, a jera su cikin rana, mota na jira, fasinjoji na tsaki, direba na zagi. Yadda ake warware matsalar ba sai na faɗa muku ba. Mutum ya biya nan, ya biya gaba, ya biya dawowa, kafin shekara ta kewayo ya biya kuɗin kati goma, kuma har yanzu ba shi da kati. Ban da tafiya, ba ka sayen layin waya da sunanka sai da shi. Ɗanka na cin rani Kwatano ko Agadas ko Libiya ya aiko maka kuɗi, ba a ba ka sai da shi, sai ka roƙi wani ya karɓa maka ka ba shi lada. Ba ka buɗe ajiya banki. Ba ka samun fasfo, balle ka ga Ka'aba. Ashe wanda ba shi da kati baƙo ne cikin gidan ubansa.

Ban ce kada a tambayi kati hanya ba. Duk wanda ya san halin da ake ciki wajen Tilaberi da Diffa, da dajin da ke tsakanin Madarunfa da Gidan Rumji da iyakar Najeriya, ya san hukuma na da hakkin ta san wanda ke wucewa. Amma wannan hujja tamu ce. In katin nan don tsaron ƙasa ne, to ƙasa ce ke bukatarsa fiye da mai awaki. Wa ya taɓa ganin sarki ya ce yana son ya san yawan mutanensa, sa'an nan ya ce kowa ya biya kafin a ƙidaya shi?

An taɓa gani, ƴan'uwa. Zamanin Nasara anka gani.

Ku tambayi tsofaffinku abin da takarda take nufi wancan lokaci. Kumandan ya fito rangadi da gardawansa da tafinta, a tara gari gindin tsamiya, a rubuta kowane mai gida da matansa da ƴaƴansa da dabbobinsa. Ba don a yi musu rijiya ake rubutawa ba. Daga littafin nan ake yanka lanho bisa kowane kai, daga shi ake ɗibar samari aikin tilas na hanya da na ginin bariki, daga shi ake ɗibar soja, daga shi ake kama yara a kai lakkwal iyaye na kuka. Shi ya sa in an ji ƙurar dokin gardi sai a tura yara cikin rumbu ko cikin karkara. Kakanninmu ba wauta sunka yi ba, sun gane sarai cewa wanda sunansa ya shiga littafin Nasara wuyansa ya shiga igiya. Sai cikin 1946 anka soke aikin tilas da dokar da ke ɗauke da sunan Hufuwe Buwanyi, anka soke hukuncin nan da kumandan ke ɗaure mutum ba shari'a, kuma dokar Lamin Gey ta ce mu ma ƴan ƙasa ne, mun daina zama talakawan Faransa kurum. Cikin wannan shekara ce jam'iyyar farko ta ƙasan nan ta tsaya. Anka yi ƙuri'ar 28 ga Satumba 1958, anka yi jamhuriya ran 18 ga Disamba, anka sami mulkin kai ran 3 ga Agusta 1960. Tuta ta sake, take ya sake, mai zama bisa kujera ya sake. Amma teburin akawu na nan inda Nasara ya bar shi, da tamburinsa, da "ka dawo gobe" ɗinsa, da zaton nan nasa cewa baƙauye maƙaryaci ne sai ya kawo shaidu.

Ga kuma abin dariya, in da abin dariya ne. Faransa da ta koya mana liƙa tambur bisa katin ɗan ƙasa, ita kanta ta daina sayar wa mutanenta da shi tun 1 ga Satumba 1998. Bafaranshe kyauta yake karɓar katinsa, kyauta yake sabunta shi in ya kawo tsohon. Sai in ya ɓatar ne yake biyan yuro 25. Kuma doka ba ta tilasta masa ya mallake shi ba ma. Mu kuwa da munka ce mun kori Faransa, har sojanta na ƙarshe ya bar ƙasan nan cikin Disamba 2023, mun riƙe tsohuwar al'adarta gam kamar gadon uwa. Maƙwabtanmu na Najeriya, yin rajistar lambar ɗan ƙasa kyauta ne bisa doka, duk wanda ke zuwa Katsina ko Kano ya ji wannan. Ƴan'uwanmu mazauna zangon Kumasi da Ankara sun ga lokacin da Gana ta bi gari-gari tana rubuta ƴan ƙasarta cikin 2019, katin farko ba ta karɓi ko kwabo ba. Ban ce can babu layi ko babu ƴan kamasho ba, akwai su jingim. Amma dai hukumarsu ta yarda da magana guda, cewa ba a sayar wa ɗan ƙasa da shaidar zamansa ɗan ƙasa.

Yanzu kuma ga sabon zamani. Bayan Nijar da Mali da Burkina Faso sun kafa ƙawancen AES cikin Satumba 2023, sun fita CEDEAO cikin Janairu 2025, sun tsai da shawarar fasfo iri ɗaya da kati iri ɗaya, mai ɗauke da zanen yatsu, wanda na'ura ke karantawa. Madalla. Katin kwali da ma ba abin kewa ba ne, gumi na cinye shi, ruwa na wanke shi, kowane ɗan damfara na iya buga irinsa. Amma ku lura da kyau. Na'ura ba ta san dattijon nan ba, takardar haihuwa ta sani. Tana son wutar lantarki, tana son intanet, abubuwan da ba su kai ƙauyenmu ba. In ba a yi hankali ba, sabon kati zai tsaya manyan garuruwa, tafiyar talaka ta ƙara nisa, kuɗin ya ƙara nauyi, a ce masa ai na zamani ne. Ƙasar da faɗinta ya kai murabba'in kilomita 1,267,000, wadda fiye da mutum 8 cikin 10 nata ke zaune karkara, ba a yi mata tsari kamar duka mutanenta na unguwar Filato ta Yamai. Makiyayin da ke bayan Dakwaro ko Tanut ko Abalak, wa zai tsare masa garke kwana 3 ya zo a ɗauki yatsunsa?

Tushen ciwon duka takardar haihuwa ce, kuma nan ne zan juyo da sanda kanmu, kada a ce mun iya ganin laifin wani kawai. Binciken da anka yi cikin 2006 ya nuna yara ƴan ƙasa da shekara 5 da anka rubuta haihuwarsu ba su wuce 32 cikin 100 ba. Na 2012 ya nuna sun kai 64 cikin 100. An ci gaba, amma har a lokacin yaro 1 cikin 3 babu sunansa ko'ina, kuma cikin waɗanda anka rubuta da yawa iyayensu ba su koma sun karɓo takardar ba. Yaran 2006 su ne samarin da ake saukewa shinge yau. Dokar 1 ga Yuli 2019 ta ba uba kwana 60 ya bayyana haihuwar ɗansa, kuma kyauta ne, ana yi gidan likita, ana yi wurin mai riƙe da littafi na ƙauye. In kwana 60 sun wuce, sai gaban alƙali da shaidu. To, ku gaya mini, mutumin da ya iya nemo rago da goro da wanzami da maroƙa cikin kwana 7, me ya hana shi taka ƙafa zuwa wurin mai littafi cikin kwana 60? Tsoron kakanninmu na da dalili. Namu sakaci ne.

Ni nake ganin sakamakon cikin aji. Kowace shekara in lokacin haɗa takardun jarrabawa ya zo sai a ga rabin yara ba su da takarda, a shiga gudu da faɗuwa. Wata yarinya da na koyar, wadda ta fi kowa lissafi cikin ajinsu, da ta kai jarrabawar BEPC sai anka ga sunan ubanta takardar haihuwa Mamane, littafin lakkwal Mahamadou. Mutum ɗaya ne, kowa ya sani, mu Mamman muke kiransa. Akawu biyu ne kowa ya rubuta yadda kunnensa ya ji da baƙaƙen Faransanci. Kafin a gyara, lokaci ya ƙure, shekara ta tafi, shekara ta gaba anka yi mata aure. Haka kuma dubban mutanenmu ke yawo da kati mai cewa an haife su "wajen" shekara kaza, ko kuwa ran 1 ga Janairu, sai ka ce duka matan ƙasan nan rana ɗaya suke naƙuda.

Mata kuwa abin ya fi muni. Ka ce wa mai gida ya yi wa matarsa kati, ya ce ina za ta? Ran da ya mutu sai a ga inda za ta. Ba ta iya karɓar kuɗin da ɗanta ya aiko, ba ta iya tsayawa kan gadon marayunta gaban hukuma, in ana rabon taimako sai a rubuta sunan ƙanen mijinta. Na san akwai ƴan reshe cikinmu masu baki wurin taro, waɗanda matansu biyu ko uku babu mai kati ko ɗaya. Ba zan kira suna ba, su sun san kansu.

Kuma kada ku manta rashin takarda makami ne hannun masu mulki, kowane iri ne. Zaɓen Fabrairu 2016 an yi rigima babba bisa mutane wajen miliyan 1 da rabi da ba su da takardar shaida, anka ce su jefa ƙuri'a in mutum biyu sun shaide su, ƴan adawa sunka ce ƙofar maguɗi ce. Kafin zaɓen 2020 sai ga alƙalai sun fito ƙauye-ƙauye suna ba da takardun haihuwa kyauta, mota na kawo su har gindin bishiya. To, ashe ana iyawa! Ashe alƙali na iya zuwa wurin talaka! In ana son ƙuri'arsa an san hanyar garinsu, in shi ke son takarda sai ya sayar da akuya.

Abin da muke nema ba shi da wuyar faɗi. Katin farko ya zama kyauta ga kowane ɗan ƙasa, namiji da mace, na kwali ne ko na na'ura. In kati ya mutu don shekarunsa sun cika, a sake shi kyauta, gama ba mai shi ya kashe shi ba. Wanda ya ɓatar da nasa ya biya, mun yarda, don kada a yi wasa da shi, amma kuɗi kaɗan sananne, kuma kada a sake aika shi neman takardar kakansa tun da an riga an san shi. Duk abin da za a biya a rubuta shi da manyan baƙaƙe bakin ƙofa, da boko da ajami, a ba da rasit. Tun da kundin ƙasa na 2025 ya ce Hausa ce harshen ƙasa, to a fara gwada mana bisa allon komisariya. Abin da ya fi duka kuwa, ma'aikata su fito su zo kasuwa. Kowace kasuwa da ranarta, mutanen ƙauye ashirin na haɗuwa cikinta ba wanda ya kira su. Mai karɓar kuɗin rumfa bai taɓa kuskure ranar kasuwa ba, mai awon dabbobi haka. Mai yin kati da alƙali su ma su shimfiɗa tabarmarsu nan, ko sau ɗaya a wata.

Za a ce babu kuɗi. Ƙasar da ake haƙar yuraniyom Arlit tun 1971, wadda ke tace man fetur nata kusa da Damagaram tun 2011, ba ta rasa kuɗin da za ta san ƴaƴanta ba. Kuma in an lissafa abin da ake tatsa shinge daga marasa kati, wanda ko dala ba ta shiga baitulmali, za a ga talaka ya daɗe da biyan katin nan, ba a dai ba shi ba ne.

Kafin hukuma ta ji, ga aikin da ke kanmu. Kowane reshe ya sami littafi guda da mutum guda mai rubutu. A bi gida-gida, a rubuta wanda ba shi da kati, da wanda nasa ya mutu, da yaron da ba shi da takardar haihuwa, a fara da gidajenmu mu ƴan reshe. Duk inda anka ji guɗar haihuwa, ɗan reshe ya je barka ya tuna wa uban kwana 60, in ya ga yana jan ƙafa ya kama hannunsa su tafi tare, kuma ya tsaya ya ga yadda anka rubuta sunan harafi-harafi. Kada a bar tsoho ko mace su tafi bariki su kaɗai, a haɗa su biyar ko goma da mai karatu ɗaya, gama ɗan kamasho ba ya son taro. Wanda anka karɓi kuɗinsa ba rasit, ya zo ya faɗi rana da wuri da adadi a rubuta, ba ƙari ba ragi, kada kowa ya sa ƙarya don ƙarya ɗaya na ɓata gaskiya ɗari. Littattafan nan a aiko mana su ta hannun direbobin da kunka sani kafin ƙarshen wata mai kamawa, mu haɗa na Tasawa da na Madawa da na Matamai da na sauran wurare, mu kai gaban gwamnan kowace jiha da sunaye da garuruwa.

Wasalam.